Waƙa Ba 'Yan Amshi: Yadda Tsofaffin Waƙoƙin Rok Ke Tuntuɓe Tsakanin Daɓe Da Majigi

A zangon karatun da ya gabata, cikin darasin da nake koyar da ɗaliban aji uku kan dangantakar wasan kwaikwayo da fim, na kunna musu wani yanki na minti goma daga fim ɗin Amurka mai suna Rock of Ages, wanda ya fito a shekarar 2012. Kafin in kunna na shaida musu cewa asalinsa wasan daɓe ne, kuma wasan ya shafe kusan shekara shida ana nuna shi a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, inda aka gabatar da shi sau 2,328 kafin a rufe a farkon 2015. Da yankin ya ƙare sai ajin ya yi tsit. Can wata ɗaliba daga kujerun baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah wannan abin ne mutane suka yi shekara shida suna biyan kuɗi su kalla?"

Na ce mata a'a, ba shi ba ne. Ta ce ai ni na faɗa da bakina. Na ce sunan ɗaya ne, waƙoƙin ma galibi su ne, amma abin da mutanen suka biya kuɗi dominsa bai samu shiga cikin fim ɗin ba. Lokacin darasi ya ƙare ban gama yi mata bayani ba, shi ya sa na ga ya dace in ƙarasa a wannan shafi, tun da tambayar tata ta fi ƙarfin aji ɗaya.

Bari in fara da bayyana irin wasan da ake magana a kansa. A al'adar wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe na Turawa, marubuci ne ke fara ƙulla labari, sannan a tsara waƙoƙin da za su ɗauke shi; duk inda magana ta gaza fitar da abin da ke cikin zuciyar jarumi, sai ya ɓarke da waƙa. Wannan kuwa ta baya aka faro shi. Ana ɗauko waƙoƙin da suka yi tashe shekara ashirin ko talatin da suka wuce, waɗanda aka yi su domin rediyo da faifai, sannan a kira marubuci a ce ya ƙulla labarin da zai ratsa ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Kamar a kai wa tela maɓallai ashirin ne a ce ya ɗinka rigar da za ta dace da su. Turawa sun laƙaba wa irin wannan wasa sunan jukbos, wato akwatin nan na gidajen cin abinci da mashaya na da, wanda ake jefa masa kwabo ya zaɓo faifai ya kunna. Da ba'a aka fara kiransa haka, daga baya sunan ya bi shi.

Dalilin yaɗuwarsa ba ɓoyayye ba ne. Shirya babban wasa a Broadway ko a takwararta West End ta Landan na cin miliyoyin daloli, kuma mafi yawan sababbin wasanni ba sa mayar da uwar kuɗi. Sabuwar waƙa caca ce ga mai zuba jari, tsohuwa kuwa ta riga ta yi wa kanta talla tun shekaru aru-aru. Samarin da suka yi rawa da ita a 1975 ko 1985 sun zama magidanta masu albashi, masu furfura da ciwon gwiwa, kuma a shirye suke su biya kuɗi mai tsoka a mayar musu da ƙuruciyarsu ko da na sa'a biyu ne. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. 'Yan kasuwar nishaɗi sun gano cewa akwai riba mai yawa a cikin wannan rashin jin daɗin. An yi irin waɗannan wasanni jefi-jefi tun da can, amma Mamma Mia!, wanda aka gina kan waƙoƙin ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin aka buɗe a Landan a watan Afrilun 1999, shi ya ɓalle ƙofar. Bayansa We Will Rock You ya zo a 2002 da waƙoƙin Queen, Jersey Boys ya hau Broadway a 2005 da waƙoƙin The Four Seasons, sai Rock of Ages, wanda ya faro daga wani ƙaramin kulob a Los Angeles a 2005, ya isa Broadway a 2009. Da Hollywood ta ga layin masu sayen tikiti ya ƙi yankewa, sai ta ce ita ma a ba ta nata kason.

Na kalli Rock of Ages a daɓe ne lokacin ina karatun digiri na uku a Ingila, a gidan wasa na Shaftesbury da ke Landan, inda aka fara nuna shi a 2011. Wani abokin karatuna Bature, wanda ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, shi ya ja ni, ya kuma biya mini. In faɗi gaskiya, duniyar da wasan ke nunawa, ta giya da sharholiya da gidajen rawa na titin Sunset a Los Angeles ta 1987, ba tawa ba ce, kuma ba ina tallata ta ga kowa ba ne. Waƙoƙin ma, na su Journey da Bon Jovi da Poison da Foreigner da Whitesnake, biyu ko uku kawai na taɓa ji. Labarin kuwa bai cika cokali ba: yarinya ta baro ƙauye ta zo birni neman suna, ta haɗu da yaro mai share-share a wani kulob da ake kira Bourbon Room wanda shi ma yake mafarkin zama mawaƙi, wasu attajirai Jamusawa, uba da ɗansa, suna son rushe unguwar su gina sabuwa. Shi ke nan.

Saboda haka ban daɗe ina kallon dandamalin ba na koma kallon mutanen da ke kewaye da ni, kuma a nan na ga wasan. Da zarar mai jita ya taɓa sautin farko na wata waƙa, kafin ɗan wasa ya buɗe baki, sai ka ji zauren ya ɗauki shewa da dariya, domin sun gane inda aka dosa. Hirar da ta gabaci waƙar tarko ce aka ɗana musu, su kuma suna jin daɗin faɗawa ciki da saninsu. Ita kanta jarumar an raɗa mata suna Sherrie Christian ne ba don komai ba sai don akwai tsofaffin waƙoƙi biyu da ke ɗauke da waɗannan sunaye, kuma kowa a zauren ya san haka. Makaɗa suna tsaye a kan dandamali ana ganinsu, ba a ɓoye su a rami ba. Akwai kuma wani ɗan wasa mai suna Lonny, mai ba da labari, wanda aikinsa shi ne ya riƙa juyowa yana yi wa 'yan kallo magana kai tsaye, yana yi wa wasan kansa ba'a, yana tuna musu cewa duk shirme ne aka haɗu a yi tare. Abokina, mutumin da na sani da kamewa da ƙarancin magana a ɗakin karatu, na waiga na gan shi tsaye, ido rufe, yana rera waƙa da iyakar muryarsa.

A daren na samo wa abin suna daga gida. Waɗannan mutane ba 'yan kallo ba ne, 'yan amshi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin da makaɗin Hausa ke wasa ya san cewa rabin waƙar na bakin masu karɓa masa, da masu guɗa, da mai tasowa ya yi liƙi don an ambaci kakansa. Wasan jukbos ya gano wannan sirri ne ya mayar da shi sana'a: siririn labari da gangan, domin a bar wa zauren fili ya cike sauran da abin da kowa ya zo da shi a ƙirjinsa. Abin da ake sayarwa shi ne taron.

Bayan 'yan watanni, a tsakiyar 2012, fim ɗin ya fito, na je na kalle shi a silima. Adam Shankman ne ya ba da umarni, an kashe kimanin dala miliyan 75, an tara manyan taurari: Tom Cruise, Alec Baldwin, Catherine Zeta-Jones, Russell Brand, Mary J. Blige. An sake gina titin Sunset sukutum a jihar Florida domin ɗaukar hoto. Komai ya fi na daɓe girma da ƙyalli. Amma muna zaune cikin duhu, kowa ya kama bakinsa, domin a silima wanda ya ɗaga murya ya rera waƙa ya zama mai damun jama'a. Abin da fim ɗin ya tara a duniya baki ɗaya bai wuce kimanin dala miliyan 59 ba, kuma mai karatu ya tuna cewa kusan rabin kuɗin tikiti na masu gidajen silima ne. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Matsalar ta samo asali ne daga halin kyamara. A daɓe kowa na ganin bangon katako da fitilu, don haka babu wanda ya nemi a yarda cewa gaske ne. Kyamara kuwa tana matsowa har ta nuna ƙwalla a idon yarinya, kuma da ta yi haka ta nemi mai kallo ya gaskata. To sai yarinyar ta buɗe baki ta rera waƙar da wasu garada masu dogon gashi suka tsara shekara talatin da suka wuce kan wani al'amari dabam, kalmomin suna kusantar halin da take ciki amma ba su zauna daram ba. A daɓe wannan tazara ita ce abin dariyar. A majigi ta zama rami. Masu fim ɗin sun ƙara wa kansu wahala da suka karɓe wa Lonny aikin ba da labari suka bar shi ɗan wasa kamar kowa. Mutumin da ke ƙifta wa jama'a ido ya tafi, aka bar shirmen yana tafiya da fuskar gaske.

Akwai sauye-sauye biyu da suka fi ci mini rai, domin sun wuce kuskuren sana'a, sun taɓa ma'ana. Na farko shi ne ƙarshen labari. A daɓe, yaron da yarinyar ba su zama taurari ba. Sun haƙura, sun koma wata unguwa ta talakawan birni sun kafa iyali, shi kuma gawurtaccen mawaƙin nan Stacee Jaxx, wanda ya wulaƙanta yarinyar, ya ƙare a tsere daga ƙasar saboda shari'ar lalata. Wasan yana faɗa wa magidantan da ke zauren abin da suka riga suka sani game da kansu, cewa mafarkin da ka zo da shi birni ba lallai ne shi za ka koma da shi ba, kuma hakan ba mutuwa ba ce. Wannan ita ce 'yar gaskiya ɗaya da ke ƙarƙashin duk hayaniyar. A fim kuwa, tun da Tom Cruise ne Stacee Jaxx, ba zai yiwu ya ƙare a wulaƙance ba. Sai aka ba shi gwaggon biri abokin tafiya, aka ba shi 'yar jarida da za ta farkar da zuciyarsa, aka wanke shi tas, aka rufe fim da shi da yaron da yarinyar suna waƙa tare a gaban dubban mutane a filin wasa. In yi adalci, Cruise ya yi ƙoƙari matuƙa, da muryarsa ya rera waƙoƙin, kuma shi ne abin kallo a fim ɗin. Sai dai nauyin sunansa ya karya ƙashin bayan labarin.

Na biyu ya fi ban mamaki. An cire attajiran Jamus, aka ƙirƙiro matar magajin gari, wadda Zeta-Jones ta fito a matsayinta, tana jagorantar matan coci don a rufe kulob ɗin. Wannan ishara ce ga wani abu da ya faru da gaske. A 1985 wasu matan manyan 'yan siyasar Amurka, cikinsu har da Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, sun kafa wata ƙungiya mai suna PMRC don yaƙi da batsa da tashin hankali a waƙoƙin matasa. Sun fitar da jerin waƙoƙi 15 da suka fi ƙyama, Majalisar Dattawa ta yi zaman sauraron ba'asi a watan Satumba na shekarar, kuma daga wannan dambarwa ce tambarin gargaɗin iyaye da ake liƙa wa faifai ya samo asali. Cikin waƙoƙi 15 ɗin akwai We're Not Gonna Take It ta ƙungiyar Twisted Sister, kuma jagoran ƙungiyar, Dee Snider, ya je gaban sanatocin da kansa ya kare ta. Ni uba ne, kuma ban ɗauki damuwar waɗancan mata abin dariya ba. Amma mai karatu ya dubi abin da fim ɗin ya yi: ya ɗauki wannan waƙa, wadda a daɓe masu zanga-zangar hana rushe unguwa ke rera ta, ya sa ta a bakin matar magajin gari da 'yan rakiyarta. Waƙar da aka kai ƙara majalisa ta koma taken masu kai ƙarar. Wataƙila masu fim ɗin sun ɗauka barkwanci ne. Abin da ya nuna mini shi ne waƙar ta zama fanko a hannunsu, tulun da kowa zai iya zuba abin da ya ga dama. Kiɗan rok ya yi suna ne da da'awar tawaye ga manya, ko da rabin da'awar talla ce. A nan an fige shi an wanke, an daidaita shi yadda ɗan shekara 13 zai iya shiga silima.

Shekara biyu bayan haka Clint Eastwood, yana da shekara 84, ya fitar da Jersey Boys, ya kuma faɗa ramin da ke ɗaya gefen hanyar. Wannan wasa ya bambanta da na farko, domin tarihin mawaƙan ne da kansu: samari huɗu 'yan asalin Italiya daga unguwannin talakawa na jihar New Jersey, da Frankie Valli mai siririyar murya a gaba, da bashin 'yan daba da ɗayansu ya ciwo, da rabuwar kai, da mutuwar 'yar Valli. Ya ci lambobin Tony huɗu a 2006, har da ta gwarzon wasan shekara, ya kuma zauna a Broadway har farkon 2017. A daɓe yana gudu kamar jirgin ƙasa, an raba shi kashi huɗu, kowane ɗan ƙungiya ya ba da nasa ɓangaren yana ƙaryata na baya, waƙa na bin waƙa har zauren ya miƙe tsaye. Eastwood ya yi abubuwa na mutunci: ya ɗauko John Lloyd Young, wanda ya fito a Valli a Broadway, da wasu biyu daga 'yan wasan daɓen maimakon taurarin Hollywood, ya kuma sa suka rera waƙoƙin kai tsaye a gaban kyamara. Amma shi mutumin kiɗan jaz ne, wanda ya yi fim ɗin Bird a 1988 kan rayuwar Charlie Parker, kuma zuciyarsa na wajen baƙin ciki da inuwa. Ya dusashe launuka, ya rage gudu, ya mayar da hankali kan bashi da gardama, har waƙoƙin suka zama baƙi a gidansu. Sai a ƙarshe, lokacin da sunaye ke hawa, ya tara dukan 'yan wasan a titi suka yi rawa da waƙa, har da dattijo Christopher Walken. Minti uku ko huɗu ne, kuma su kaɗai ne suka yi kama da abin da mutane suka yi shekara goma sha ɗaya suna tururuwa dominsa. Fim ɗin bai tara dala miliyan 70 ba.

Mai karatu zai ce, to Mamma Mia! fa? An kashe masa kimanin dala miliyan 52 a 2008, ya tara sama da miliyan 600, har ya ture Titanic daga matsayin fim mafi ciniki a Birtaniya a wancan lokaci. Masu tsattsauran ra'ayin rok za su ce ABBA ba rok ba ce, kiɗan rawa ne mai zaƙi, kuma sun yi gaskiya. Amma dabarar da ta cece shi ta shafi maganarmu. Matan nan uku da suka haifi wasan, Judy Craymer mai shiryawa da Catherine Johnson marubuciya da Phyllida Lloyd mai ba da umarni, su suka yi fim ɗin, ba su miƙa wa baƙo ba, kuma sun san abin da suke sayarwa. Tun da ba za su iya kawo zauren cikin silima ba, sai suka gina zaure a cikin hoton. Mutanen ƙauyen tsibirin Girka da labarin ke faruwa a cikinsa su ne 'yan amshi: suna leƙowa ta taga su karɓa, matan ƙauye suna yar da itace da wanki su bi Meryl Streep da rawa har bakin teku. Ɗalibin wasan kwaikwayo zai gane tsohuwar al'adar Girkawa ta ayarin masu amshi, an dawo da ita gida cikin raha. Sannan ga Pierce Brosnan, tsohon James Bond, wanda muryarsa ta sha ba'a har aka ba shi lambar Razzie ta mafi munin wasa. Ni a ganina wannan murya tana cikin abin da ya sayar da fim ɗin. Idan James Bond zai tsaya ya yi waƙa da irin wannan maƙogwaro bai ji kunya ba, to wace ce uwar 'ya'ya uku da ke kujera ta tara da za ta ji kunyar tata? Ba da daɗewa ba aka fitar da wani kwafi mai rubutattun baitoci a ƙasan hoto domin jama'a su riƙa bi, aka halatta a silima abin da aka saba hanawa.

Wani ƙaramin fim na ƙasar Sikotlan, Sunshine on Leith na 2013, ya bi wata hanyar ya tsira. An gina shi kan waƙoƙin tagwayen nan The Proclaimers, daga wasan da aka fara a garin Dundee a 2007, kan sojoji biyu da suka dawo gida daga Afganistan. Waƙoƙin tun asali da harshen mutanen wurin aka yi su, kan unguwarsu da hijirarsu da aurensu, don haka da aka sa su a bakin mutanen Edinbara sai suka zauna kamar an auna. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shi ma da taron jama'a a tsakiyar gari aka rufe shi.

Hollywood ta ɗauki darasi, amma ba wanda na so ta ɗauka ba. We Will Rock You ya yi shekara 12 a gidan wasa na Dominion a Landan, daga 2002 zuwa 2014, duk da kaca-kacar da masu sharhi suka yi masa, kuma har yau ba a mayar da shi fim ba. Maimakon haka aka tsallake daɓen gaba ɗaya aka yi Bohemian Rhapsody a 2018, tarihin Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, jagoran Queen. Ya tara sama da dala miliyan 900, ya ci lambobin Oscar huɗu. Da me aka rufe shi? Da sake gina wasan da ƙungiyar ta yi a bikin Live Aid a filin Wembley ranar 13 ga Yulin 1985, kyamara na shawagi a kan dubban hannuwa da ke tafi lokaci guda, Mercury na jefa murya taron na karɓa masa. An ɗauko 'yan amshi mafi yawa da aka iya samu an zuba su cikin majigi. Dexter Fletcher, wanda ya yi Sunshine on Leith, shi aka kira ya ƙarasa ɗaukar fim ɗin bayan an sallami daraktan farko, kuma shi ya yi Rocketman kan Elton John a 2019.

Farashin wannan nasara shi ne tarihi. Fim ɗin ya nuna Mercury ya san yana ɗauke da cutar da ta kashe shi kafin ya hau dandamalin Live Aid, domin wasan ya zama kamar bankwana, alhali abin da makusantansa suka tabbatar shi ne sai a 1987 aka gano ta. Biyu daga abokan ƙungiyarsa da ke raye, Brian May da Roger Taylor, suna cikin masu shirya fim ɗin. Wato masu dukiyar ne ke rubuta tarihin dukiyar. Kuma dukiya ce ta gaske: a 2024 kafafen yaɗa labarai sun ruwaito cewa kamfanin Sony ya sayi haƙƙin mallakar waƙoƙin Queen kan kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya. Wanda ya kalli waɗannan fina-finai bai ga wannan ba, ya ga rabin hoto ne. Kowane ɗayansu, mai kyau da maras kyau, talla ce ta sa'a biyu ga rumbun waƙoƙin da wani ya mallaka.

Ban ce babu alheri a ciki ba. Da yawa cikin ɗalibaina ta wannan fim suka san akwai wata ƙungiya wai ita Queen, kuma waƙar da ba a rera ta mutuwa take yi, ko da tana ajiye a rumbun adana sauti. Wanda ya ce a bar tsofaffin waƙoƙi yadda suke kada a taɓa, yana neman a binne su ne da girmamawa. Abin da nake tuhuma shi ne mene ne ke isa ga na baya idan aka miƙa masa: waƙar da yanayin da ya haife ta, ko amonta kawai.

A nan ne maganar ta zo kusa da gida, kuma dalilin da ya sa nake koyar da ita ke nan. Mai kallon fim ɗin Hausa ba ya buƙatar a roƙe shi kafin ya yarda jarumi ya ɓarke da waƙa a tsakiyar labari. Mun tashi da fina-finan Indiya tun zamanin gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, kuma a Kannywood sau da yawa waƙa ce ke sayar da fim. Abin da ya kayar da Shankman ba lallai ya kayar da namu ba. Muna kuma da rumbu: Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, da wasunsu. Ko ba daɗe ko ba jima wani mai jari zai yi lissafin da 'yan Broadway suka yi. Ranar da ya yi, zai tarar da ƙulli mafi wuya fiye da nasu. Yawancin waƙoƙin Shata an yi su ne wa mutane sanannu, da sunansu da garinsu da kyautar da suka yi, ga kalangai ga 'yan amshi. Ka cire mutumin ka sa ta a bakin saurayi yana yi wa budurwa, ka yi abin da aka yi wa waƙar Twisted Sister. Amadar Barmani kuwa ba ta rabuwa da taron mata da ƙwarya a tsakar gida. Ɗanmaraya ne kaɗai nake ganin kyamara za ta iya ɗauka cikin sauƙi, domin shi da kuntiginsa ne ba mai karɓa masa, kuma waƙoƙinsa, irin wadda ya yi wa karen mota, tun asali ƙananan labarai ne na talakawa masu neman abinci.

Mako guda bayan tambayar ɗalibar nan, na shiga ajin da 'yar lasifika, na kunna musu wani tsohon ɗaukar Shata ba tare da na ce komai ba. Kafin a yi minti ɗaya na baya sun fara buga tebur, wasu suna karɓar amshin, har da waɗanda aka haifa bayan rasuwarsa, wato dukansu. Na kashe, na ce kowa ya rubuto mini shafi uku kan yadda zai sa wannan waƙa a fim, wa zai rera ta, a gaban wa, kuma ina zai ajiye kyamara. Ɗalibar ta sake ɗaga hannu ta ce, "Malam, a fim ɗin an yarda mu sa masu buga tebur?" Na ce ta rubuta ta gani. Takardun na nan kan teburina, guda 64, ban kai ga tata ba tukuna.